Gasar Badujala: Wasan da Kowa ke da Gurbinsa

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga fareti ranar yara ta 27 ga Mayu, ko ranar 1 ga Oktoba, ya san abin da badujala ke yi wa jiki. Da zarar babbar ganga ta ɗauka, begila ta amsa, sai ƙafa ta fara ɗagawa da kanta ko malamin fareti bai ce komai ba. A wurinmu badujala rakiya take yi. Tana raka masu maci, tana raka babban baƙo, in taro ya tashi a mayar da ganguna sito sai wani lokaci. A Amurka kuwa an mayar da ita gasa mai zaman kanta, da alƙalai da maki da kofi, kuma masu yin ta matasa ne, wasunsu ma sa'o'inku ne. A 2014 muka fara ganin wannan gasa. Za mu ba ku labarin abin da idonmu ya gani, domin akwai abin da ya shafe ku a ciki.

Mu uku ne, 'yan Arewa, muna karatu a wata jami'a a jihar Indiyana. Dogon hutunsu yana faɗowa ne a lokacin zafi, kuma a shekarar kuɗin jirgi bai bari mun zo gida ba. Muna da wani abokin karatu Ba'amurke wanda ya yi shekara uku yana busa a ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, har shekarunsa suka wuce ƙa'ida. Shi ya matsa mana sai mun raka shi kallo. Muka tambaye shi wane irin abu ne, ya yi ta kwatance har ya gaji, daga ƙarshe ya ce mu dai shiga mota. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wata yamma a ƙarshen watan Yuni muka kama hanya zuwa wani gari da ba shi da nisa sosai.

Tun kafin mu ga filin muka fara jin ganguna. A wurin ajiye motoci, ga dogayen motocin safa an jera, ga manyan motocin ɗaukar kaya, ga matasa sun kasu rukuni-rukuni a ƙarƙashin itatuwa suna ɗumama hannu da baki. Muka tsaya gaban wasu samari da 'yan mata tara, kowanne da ƙaramar ganga rataye a gabansa. Sandunansu suna tashi tsayi ɗaya, suna sauka lokaci ɗaya. Wanda ya rufe ido zai rantse mutum ɗaya ne ke kiɗan. Sautin ya yi kama da ruwan sama mai ƙarfi a kan rufin kwano, sai dai wannan ruwan yana tsayawa cak, ya sake ɗauka daidai inda aka so. Mutane sun kewaye su shiru, kamar masu sauraron karatu. Abokinmu ya raɗa mana cewa wannan ɗumi ne kawai, wasan bai fara ba.

A gefe ɗaya kawai na filin 'yan kallo ke zama, domin can masu wasan ke fuskanta. Rana ba ta faɗuwa a Indiyana a wannan lokaci sai wajen ƙarfe tara, don haka da haske muka zauna. Ƙungiyar farko ta shigo, kowa ya tafi ya tsaya a wurinsa. Madugunsu ya hau wani dandamali mai tsawo a gaba, ya juyo ya sara wa jama'a, ya koma ya ɗaga hannu. Masu busa wajen saba'in suka ɗaga ƙahoninsu a tare, suka saki sauti ɗaya. A ƙirji muka fara jin sa kafin kunne. Benci ya yi rawa a ƙarƙashinmu, gashin jikinmu ya tashi. Ɗaya daga cikinmu ya kama hannun na kusa da shi bai sani ba. Wata dattijuwa da ke zaune a bayanmu ta yi dariya, ta tambaye mu ko zuwanmu na farko ke nan, don a cewarta daga fuska ake gane sabbin zuwa.

Kowace ƙungiya tana da kimanin minti 11 ta nuna abin da ta shirya, kuma a wancan lokaci ba a yarda ta wuce mutum 150 ba. Sun kasu huɗu. Akwai masu busa ƙahonin ƙarfe, tun daga ƙaramin mai siririyar murya har zuwa tuba, ƙaton da ake saɓawa a kafaɗa. Akwai masu ganguna da ke tafe suna kiɗa. Akwai waɗanda ke tsaye a bakin fili ba sa motsawa, suna buga marimba, wato jerin katakai masu muryoyi daban-daban, da wasu manyan kayan kiɗa. Sai masu tuta, waɗanda ke rawa suna cilla tutoci da bindigogin katako da takubba marasa kaifi sama, su cafe su a tare. A lokacin ba a sa sarewa ko wani abin busa irin algaita. Duk wannan ana yin sa ne ana tafiya, wani lokaci da gudu, gaba da baya da gefe, layuka suna rikiɗa daga da'ira zuwa murabba'i zuwa wata siffa da ba mu da sunanta.

A hanyar komawa abokinmu ya ba mu tarihin abin. Asalinsa daga soja ne, kamar dai badujalarmu. Kafin zuwan rediyo, da ganga da begila ake ba sojoji umarni. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙare a 1918, tsofaffin sojojin Amurka suka kafa ƙungiyoyin kiɗa a garuruwansu, sannan suka kafa wa yara nasu. Majami'u da 'yan sikawut su ma suka shiga. Ƙungiyoyin tsofaffin sojojin ne ke shirya gasa da kafa dokoki, har wasu ƙungiyoyin matasa 13 suka haɗu suka kafa hukumar kansu mai suna Drum Corps International, wadda ake taƙaitawa DCI. Gasarta ta farko an yi ta ne a 1972 a garin Whitewater na jihar Wiskonsin, inda Anaheim Kingsmen ta Kalifoniya ta zo ta ɗaya. Begilar farko ba ta da maɓalli ko ɗaya, 'yan muryoyi kaɗan take iya fitarwa. Sannu a hankali aka riƙa ƙara mata maɓalli har suka kai uku, kuma daga shekarar 2000 aka yarda a yi amfani da ƙahoni irin na sauran makaɗa. Sunan begila dai ya zauna.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai a wannan daren ya faru ne lokacin ƙungiya ta huɗu. Masu busa sun ja dogon layi miƙaƙƙe, sai muka ga giɓi a tsakiya, daidai faɗin mutum ɗaya. Layin ya juya, giɓin ya juya tare da shi. Layin ya lanƙwashe ya zama da'ira, giɓin yana nan. Na damansa da na hagunsa suna tafe suna kiyaye tazarar, kamar akwai wani a wurin da mu ne ba ma ganinsa. Har aka gama wasan ba wanda ya matsa ya cike wurin. Muka tambayi abokinmu, ya ce mai gurbin ne bai samu fitowa ba, wataƙila ciwo ya ji ko rashin lafiya. Ba a rufe giɓin, domin in mutum ɗaya ya matsa, na kusa da shi ma sai ya matsa, daga nan siffar duka ta ɓaci.

Ku kwatanta da ƙwallon ƙafa. Idan ɗan wasa ya gaji ko ya ji rauni, koci zai duba benci ya sako wani. Idan ƙungiya tana da gwani ɗaya, za a iya yi ta tura masa ƙwallo ya ci musu wasa, rago kuma ya laɓe a gefe. A nan babu wannan. Wasu ƙungiyoyin kan ajiye mutum ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, amma da zarar madugu ya ɗaga hannu babu canji sai an gama. Gwanin busa da wanda ya shigo bana, kowannensu gurbi ɗaya gare shi, kuma daga saman benci ba a gane wane ne gwanin. Abin da ido ke kamawa shi ne wanda ya fita daga layi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a nan mutum dubu suna kallon garin.

Yaya mutum 150 ke sanin inda kowa zai tsaya? Filin da ake wasan na ƙwallon Amurka ne, tsawonsa yadi 100, wato kimanin mita 91, an ja masa farin layi a kowane yadi biyar. An daidaita taku yadda takwas za su kai mutum daga layi zuwa layi, kowane taku ya zama inci 22 da rabi, kimanin santimita 57. Mai tsara wasan yana zana siffofin a kwamfuta, ya ba kowane mutum lambarsa. Kowa yana da ɗan littafi da yake ratayawa a wuya lokacin atisaye. A ciki an rubuta cewa a siffa ta kaza zai tsaya taku kaza daga layi kaza, kuma da taku nawa zai isa siffa ta gaba. Siffofin sukan haura ɗari a wasa ɗaya. Sai mutum ya haddace su duka, ya haddace kiɗan, domin ba a shiga fili da takarda. A wuraren da kiɗan ya yi sauri, taku uku ake yi a daƙiƙa ɗaya, ƙaho na baki, kuma ba a so a ji girgizar ƙafa a cikin sautin.

Akwai kuma wata matsala da masu karatun kimiyya za su gane nan take. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, haske kuwa kusan nan take yake isa. Faɗin filin ya kai mita 49. Ke nan sautin wanda ke can baya yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa kafin ya iso gaba. A kiɗa mai sauri wannan ya kusa rabin bugu. Idan na baya ya jira ya ji na gaba kafin ya busa, sautinsa zai iso wa 'yan kallo a makare. Saboda haka ake koya wa na baya ya bi hannun madugu da ido, ko da kunnensa na gaya masa ya yi gaggawa. Na gaba kuma ana koya masa ya saurari gangunan da ke bayansa, ya hau kan sautinsu lokacin da ya iso shi. Kowa yana yin abin da gurbinsa ya buƙata, ya amince cewa sauran ma suna yin nasu, sannan a kunnen mai kallo abin ya haɗu ya zama ɗaya.

Manyan gangunan ma haka suke. Yawanci biyar ne, daga ƙarama zuwa babba, kowace da muryarta. Ana rubuta musu kiɗa ɗaya a raba shi a tsakaninsu: wannan ya buga na farko, wancan na biyu, na uku ya cike, sautin ya riƙa gangarowa kamar ana saukowa daga tsani. Wanda ya saurari mutum ɗaya daga cikinsu shi kaɗai ba zai ji komai ba sai bugu jefi-jefi marar ma'ana. In kuwa ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, duk filin zai ji an tsallake mataki.

Bayan 'yan makonni abokinmu ya kai mu wata makarantar sakandare inda wata ƙungiya ta sauka kwana biyu. A nan muka ga bayan fage. A ɗakin wasannin makarantar suke kwana, kowa ya shimfiɗa katifar iska a ƙasa, jakarsa a gefe. A waje ga wata babbar mota da aka mayar kicin, iyaye da tsofaffin 'yan ƙungiyar suna girki kyauta. Da dare ake tafiya daga gari zuwa gari, a yi barcin farko a mota, a ƙarasa a ƙasa, gari ya waye a fita fili. Manyan ƙungiyoyin kan yi tafiyar da ta kai mil 10,000 kafin lokacin ya ƙare. Tun watan Nuwamba ake gwajin shiga, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. A watan Mayu ake shiga sansani, a yi makonni ana atisayen da kan kai awa 12 a rana.

Mun zauna a inuwa muna kallo, su kuwa suna tsakiyar rana, kowa da ƙatuwar gorar ruwansa a bakin fili. Malaminsu yana can saman wata hasumiyar ƙarfe da lasifika a hannu. Daga bayan fili wata na'ura tana ƙirga bugu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Taku 16 kacal suke gyarawa. Su yi, a tsayar da su, kowa ya dubi ƙafarsa ya dubi layi, malamin ya faɗi gyara, sai ya ce a koma. Su ruga da gudu zuwa inda suka fara. Mun duba agogo, sun fi rabin awa a kan waɗannan taku 16, abin da a wasan ba zai wuce daƙiƙa shida ba.

Wani abu kuma muka lura da shi. Duk lokacin da malamin ya kira gyara, wanda abin ya shafa sai ya ɗaga hannu sama. Ba ya gardama, ba ya nuna na kusa da shi. Wani lokaci ma tun kafin malamin ya yi magana hannun ya riga ya tashi. Wata yarinya cikin masu tuta, wadda aka ce mana shekararta 17, ta cilla takobinta ya kuɓuce ya faɗi. Ta ɗauka ta ci gaba daga inda sauran suka kai. Da aka ba da hutun shan ruwa, ta kurɓa ta koma gefe ita kaɗai tana ta cillawa tana cafewa. Ba wanda ya sa ta. Ta san cewa ranar wasa mutum talatin za su cilla a tare, kuma ido zai tafi ne kan takobin da ya faɗi.

A ranar Asabar 9 ga Agusta, 2014 muka je wasan ƙarshe a birnin Indiyanapolis, a filin Lucas Oil mai rufi, inda ake yin gasar tun 2009. Kwana uku ake yi. Ranar Alhamis kowa ya fito, ranar Juma'a a rage su zuwa 25, ranar Asabar sai 12 da suka fi maki. Maki 100 ne. Ana ba da 40 a kan yadda wasan ya ratsa mai kallo, 30 a kan abin da ido ke gani, 30 a kan kiɗa da busa. Mun ga wasu alƙalai a cikin filin suna gudu tsakanin masu wasan, suna kaucewa kada a banke su, suna magana cikin na'urar ɗaukar murya. Bayan wasa ake ba malaman ƙungiya abin da suka faɗa don su gyara. A da, alƙali kurakurai yake ƙirgawa yana rage maki. A farkon shekarun 1980 aka sauya, aka koma auna wahalar abin da ƙungiya ta ɗauko da kuma yadda ta iya shi.

Ƙungiyoyi biyu ba za mu manta da su ba. Ta farko ita ce Bluecoats daga garin Kanton na jihar Ohayo. Da suka shigo sai muka ji dubban mutane suna wani dogon ihu kamar na tsana, muka dubi juna. Abokinmu ya ce sunan ƙungiyar ne masoyanta ke ja, haka suke yi musu maraba. Sunan wasansu na shekarar Tilt, ma'ana karkata. Sun zo da wasu dandamali masu gangara, launin lemo, suna hawa suna jingina kamar ƙasa ce ta karkace. Dab da ƙarshe masu busa suka riƙe sauti ɗaya, na'ura ta karɓe shi ta lanƙwasa shi, su kuma suka sake cafke shi da ƙarfi. Tun kafin su gama mutane suka miƙe tsaye, mu ma muka tsinci kanmu a tsaye muna ihu.

Ta biyu ita ce Blue Devils daga garin Konkod na Kalifoniya. Wasansu, Felliniesque, an gina shi ne a kan finafinan Federico Fellini, shahararren mai shirya fim na ƙasar Italiya. Mu ba mu san finafinan ba, amma ba sai mutum ya san su ba kafin ya ga tsabtar aikin. Mun zuba ido ko za mu ga ƙafa ɗaya ta saɓa, ba mu gani ba. A shekarar ba wanda ya doke su ko sau ɗaya.

Bayan an gama, duk ƙungiyoyin 12 suka dawo fili suka jeru, mutum kusan 1,800, kowa ya ƙame. Aka fara kiran maki daga ta 12 zuwa sama. Ƙungiyar da aka kira, madugunta ya sara, sauran ba wanda ya motsa. Bluecoats ta zo ta biyu da maki 97.175, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba. Blue Devils ta ɗauki kofi karo na 16 da maki 99.65, abin da ba a taɓa ba wata ƙungiya ba tun 1972. Ko su ɗin ba su kai 100 ba. Wani lokaci tazarar kan yi ƙanƙanta har ta ba da tausayi. A 2008 Phantom Regiment ta jihar Ilinoi ta doke Blue Devils da 0.025, wato 98.125 da 98.100. Wata uku na rana da gumi, abin da ya raba su bai kai rabin kashi ɗaya cikin goma na maki ɗaya ba.

Mun fi kallon waɗanda suka zo na 11 da na 12. Tun kafin su baro gida sun san da wuya su ɗauki kofi, amma awannin da suka yi a rana daidai suke da na zakarun, kuma a ƙasa ɗaya suka kwana. Suna tsaye ƙyam, hawaye na zuba a fuskar wasu, ba wanda ya sa hannu ya share sai da aka sallame su. Ita kanta Bluecoats an kafa ta ne a 1972, ba ta ɗauki kofin farko ba sai a 2016, bayan shekara 44. Duk waɗanda suka riƙe mata gurbi a tsawon shekarun nan sun zo sun wuce ba su taɓa kofin ba. Sun wuce ne domin wasan yana da iyakar shekaru: wanda ya cika 22 kafin 1 ga Yuni ya gama ke nan. Abokinmu ya ce a shekararsa ta ƙarshe, bayan wasan Juma'a, shi da sauran masu fita sun cire takalmansu sun bar su a fili, kamar yadda aka saba. A wata shekara wani ne zai tsaya a wurin.

Kada ku ɗauka komai na wannan harka zuma ne. Ba a biyan masu wasan ko sisi. Su ne ma ke biyan dubban daloli kafin a ɗauke su, don a sayi mai da abinci da kaya, kuma zakara lambar wuya yake samu. Yara da yawa a Amurkar ba su da halin shiga, wasu kuma sai sun yi aikin ƙarfi duk shekara suna tari. Akwai ciwon gwiwa da na baya, akwai zafin rana. Ƙungiyoyi da dama sun rushe saboda rashin kuɗi. Don haka ba muna cewa makarantarku ta je ta sayo tuba da marimba ba ne.

Abin da muka ɗauko daga wurinsu ba ya cin kuɗi. Mun ga 'yan shekara 16 da 17 sun kai wani mataki na ƙwarewa da ake ɗauka sai manya, kuma hanyar da suka bi a fili take: kowa ya san gurbinsa, ya zo kullum, ya maimaita har abin ya zauna, in an yi masa gyara ya karɓa. A makaranta kuna da gurabe irin wannan fiye da yadda kuke zato. Idan malami ya raba ku rukuni ya ba ku aiki, sau da yawa mutum biyu ne ke yi, sauran su kawo suna a rubuta. A wasan kwaikwayo na ranar raba kyaututtuka, mai layi ɗaya tak yakan ga ba sai ya zo bita ba. A ƙungiyar muhawara, mai magana na uku yakan dogara da na farko. A duk waɗannan akwai giɓi, ko da ba a zaune ake a saman benci ana hango shi ba, kuma waɗanda ke gefensa su ke ɗaukar nauyinsa.

In lokacin atisayen fareti ya zo bana, ku gwada wani abu. Ku nemi izinin malamin fareti ku ja layuka a fili da toka ko farar ƙasa, tazara ɗaya tsakanin kowane biyu. Ku daidaita taku nawa zai kai ku daga layi zuwa layi, dogo ya rage nasa, gajere ya ƙara. Ku zaɓi wuri ɗaya mai wuya, misali kwana, inda na ciki ke taƙaita taku na waje ke buɗewa, ku yi ta maimaita shi har sau ashirin. Ku sa mutum ɗaya ya hau wuri mai tudu ya riƙa faɗa muku abin da ya hango, wanda aka kira ya ɗaga hannu a ci gaba. Masu ganga su tsaya kusa da juna, su sa ido a kan hannun shugabansu. Wanda aka ba layin ƙarshe, can baya inda babban baƙo ba zai ga fuskarsa ba, shi ma ya zo a kan lokaci.